Zanen da Ke Bayan Sadisu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni ce Maman Sadisu daga Taba. Da girma na koyi rubutu, a karanta da haƙuri.

Ɗana Sadisu ya yi damina a Furana wajen wan babansa, Yaya Haruna, yana taya shi noma. Ya dawo ya yi tsawo har ya wuce ubansa. Wata rana ya tuɓe riga zai yi wanka, sai na ga jan zane layi-layi a ƙasan bayansa, sak shatin bulala. Ya rantse ba wanda ya taɓa shi. Na ɗauka rufa wa baffansa asiri yake yi. Maigidana ya kira Yaya a waya, ya faɗi maganganu masu zafi.

Da muka je asibiti, ma'aikaciyar ta duba ta yi murmushi. Ta ce, "Mama, nankarwa ce, ba masu ciki kaɗai take fito wa ba. Yaro ya miƙe da sauri, fata ta ja." Ta ce a riƙa shafa man kaɗe, a guji man bilicin. A hankali za ta dusashe, amma ba ta ɓacewa gaba ɗaya.

Zanen ya fara dusashewa. Yaya kuwa har yau ba ya ɗaga wayarmu. Masu sauraro, ku ba mu shawara, ta ina za mu fara?

Na san Yaya ko gona ba ya zuwa ba rediyo. Yaya, barka da aiki, a yafe mana. Ba hannunka ba ne, tuwon gidanka ne ya miƙar da yaron. Sadisu yana tambaya ko ya taho girbi.