Inda Muke Sauke Makara

Mai girma shugaban wannan taro, dattijo Idwal Bowen. Mai girma kansilarmu, Uwargida Eirlys Vaughan. Fasto Gwilym na cocinmu. Injiniyoyin hanya da suka taso daga birni. Makiyayan tudu da mutanen kwari, maza da mata, barkanku da yamma. Ni ce Nest Prydderch, matar marigayi Emrys na gonar tudu. Ina godiya da aka ba ni dama, ina kuma godiya ga matan da suka dafa shayi, domin ba don su ba da rabin ɗakin nan bai zo ba.

Magana ɗaya ta tara mu: za a faɗaɗa hanya, an ce Dogon Dutse, dutsen nan da ke kafe a bakin hanya, ya tare kwanar hanyar, don haka a tumɓuke shi a kai shi gidan tarihi a birni.

Na farko, hanya muna son ta. Motar madara ta sha gogar shingena har na gaji da gyara. Ba wanda ya zo nan don faɗa da kwalta.

Na biyu, an ce a birni za a fi kula da shi. Jama'a, dutsen nan yana tsaye tun kafin a gina ganuwar da ta zama kango a kan tudu, yana tsaye tun kafin a haƙa rijiyar waliyyi da ke bayan coci. Masu ganuwa sun zo da dakarunsu sun wuce, yau tumakina ke kiwo a ɗakin sarkinsu. Shi kuwa ruwa ya dake shi, ƙanƙara ta rufe shi, tumaki sun yi susa a jikinsa, bai ko karkata ba.

Na uku shi ne abin da baƙinmu ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Idan aka yi rasuwa a gonakin tudu, mazan tudu ke saukowa da makara a kafaɗa. A gindin dutsen nan suke ajiye ta, su cire huluna, mazan kwari su karɓa su ƙarasa coci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle makara. Ko da akwai gaba tsakanin gidaje, a nan dole hannu ya taɓa hannu.

Kowa ya san Emrys da shugaban taronmu Idwal, mutumin kwari, sun daɗe ba sa ga-maciji saboda rago ɗaya da ya tsallaka shinge. Da ciwo ya yi tsanani, Emrys ya ce da ni, “Nest, ki gaya wa Idwal, ko yana so ko ba ya so, shi zai karɓe ni a dutse.” Na ce, “Kai da ko gaisuwa ba ka yi masa?” Ya ce, “Ai shi ya sa. Tsohon banza, ya ji nauyina ko sau ɗaya.” Idwal ya zo, ya sa kafaɗa, ya yi kuka har ƙofar coci. Idwal, kada ka sunkuyar da kai, ranar nan ka share mini hawaye, ban manta ba.

Saboda haka ga shawarata, mai girma kansila. Filina ne a ɗaya gefen kwanar, kuma shi ne mafi kyawun wuraren kiwona. Ku yanki abin da hanya ke bukata, kyauta na ba ku, yana mini zafi amma na ba ku. Ciyawa na sake tsirowa. Ku bar dutsen inda yake, domin na tsufa, kuma ranar da za ku sauko da ni ina so ku ajiye ni inda kuka ajiye Emrys.

Allah ya ba shugabanninmu basira, ya albarkaci garkunanmu, ya jiƙan waɗanda muka sauke a gindin dutsen nan, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.