Kajin Kuyello Sun Daina Ƙwai

Na kasa daddawata a tashar Birnin Gwari, na kuma kasa kunne. Wata mai kwandon kaji tana ta faɗa, wani mai farar riga a benci ya tanka.

"Kaji tara, ko ƙwai ɗaya babu! Maganin tsutsar nan ƙarya ne."

"Yaya kike ba su, Inna?"

"Kaɗan-kaɗan, kada ya ƙare."

"Ai ke kika ɓata! Kaɗan ba ya kashe tsutsa, sabawa take yi da shi."

"Wa ya gaya mini? Tun bara ake cewa malamin dabbobi zai zo garinmu Kuyello. Malalacin banza!"

"Malalaci? Sau biyu kekena yana maƙalewa a taɓon hanyarku!"

Ta dangwara masa kwandon a cinya.

"Ashe kai ne. To, ga Kuyello ta zo."