Wuƙar Baba Ranar Idin Ƙetarewa

NAWAL: Tamima? Kina ji na? Barka da idi.

TAMIMA: Yaya Nawal, barka kadai. Ya hidima?

NAWAL: Da godiya. Ya jego? Ya 'yar tawa?

TAMIMA: Lafiya lau. Hayaniya ta yi yawa wajenki.

NAWAL: Ina filin yanka ne, kan dutsen Gerizim. An hura wuta a ramukan gasa nama, raguna sun iso. Ina mijin naki, ƙanina Yefet? Firist mai jagorantar yankan ya yi ta tambayarsa har ya gaji.

TAMIMA: Ba zai zo ba, Yaya. Ya taɓa ni.

NAWAL: Ya me? Layin nan...

TAMIMA: Ya taɓa ni. Ba shi da tsarki sai rana ta faɗi.

NAWAL: Da faɗuwar ranar ake yankan! Mace kika haifa, kwana tamanin ne keɓewarki, ko rabi ba ki yi ba. Tun zamanin Musa muke kan wannan, yau za a koya miki? Shekara guda yana wasa wuƙar Baba, bana ne karon farko da zai yanka wa gidanmu.

TAMIMA: Santsi ya kwashe ni a matakala, jaririya na hannuna. Ya tare mu. Da sai ya matsa gefe mu wuce?

NAWAL: Me ya fito da ke daga ɗakinki?

TAMIMA: Ƙishirwa. Tun jiya ba wanda ya ajiye mini ko ruwa a bakin ƙofa. Ina shayarwa, tulun gida kuma ba dama in taɓa. Famfon tsakar gida na nufa.

NAWAL: Sai ki kira mutum.

TAMIMA: Na kira. Makon nan wa ke kawo mini abinci, Yaya?

NAWAL: Ke ma kin san ina wajen gasa gurasar idi...

TAMIMA: Na sani. Shi ya sa na fito.

NAWAL: Kar ki juya mini magana. Yanzu ɗan kawu za a miƙa wa wuƙar, wanda ko kaza sai an riƙe masa. Ba ni Yefet. Ya yi wanka maza, in roƙi firist ko akwai mafita.

TAMIMA: Ba zai iya karɓa ba, hannunsa biyu a cike.

NAWAL: Da me?

TAMIMA: Da 'yarsa. Tun da aka haife ta bai taɓa ɗaukarta ba, sai leƙe daga ƙofa. Ya ce tunda tsarkin ya riga ya tafi, ba zai sauke ta ba sai rana ta faɗi.

NAWAL: Ce masa ni ce, yayarsa!

TAMIMA: Ya ji ki. Ya ce ki rage murya, ta yi barci.

NAWAL: Tamima? Tamima...