Mai Lamba Ashirin da Shida

A garejin gyaran mota a wani gari na jihar Alabama, Odell ya ga wata dattijuwa sanye da hular ƙungiyar ƙwallon jami'ar garin, ya kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, kocin nan naku ai kora ta kamace shi!"

"Kora? Wasa tara ya ci bana. Kafin zuwansa, uku ma sai da addu'a."

"Ƙananan makarantu ya samu! Bai ma san ɗan wasa ba. Yaro ga gudu kamar barewa, shekara uku yana zaman benci, uwarsa ba ta fashin zuwa kallo..."

Ta dube shi.

"Lamba nawa ɗan naka yake sawa?"

"Ni na ce miki ɗana ne?"

Odell ya sunkuyar da kai.

"Ashirin da shida."