Ranar da Aka Kwashe Firizojin Matata

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Bulus, direba ne ni a wata ma'aikata, muna zaune a Masaka. Yau zan faɗi abin da na daɗe ina jin kunyar faɗa.

Cacar ƙwallo ta waya ta kama ni. Albashi zai shigo, kafin mako ya zagayo babu ko sisi. Sai na je wurin wani mai ba da bashi da ruwa, na sa hannu ni kaɗai. Matata Rahila ba ta sani ba. Da aka kawo mini sammaci, a mota na ɓoye shi. Ban je kotu ba, aka yanke hukunci a bayan idona.

Wata Talata da hantsi, sai ga ma'aikatan kotu da ɗan sanda da motar ɗaukar kaya. Kai tsaye suka nufi firiza biyu da Rahila take sana'ar ƙanƙara da zoɓo da su. Da adashinta ta saye su, da su yaranmu suke makaranta.

Ta tare ƙofa. "Oga, kayana ne! Wa ya ci bashinku?"

Babbansu ya nuna ni da takarda. "Madam, tambayi maigidanki."

Ta juyo. "Baban Saratu, gaskiya ne?"

Na sunkuyar da kai. Ma'aikatan suka zazzage ƙanƙarar a tsakar gida, maƙwabta suna kallo, suka loda firizojin a mota, suka ce gwanjo za a yi.

Rahila ta shiga ɗaki ta kulle. Ni kuwa na durƙusa cikin ruwan ƙanƙarar nan na fashe da kuka: "Ya Ubangiji, ni na yi zunubi! Kada hukuncina ya faɗa kan baiwarka!" Na tashi na tsaya a bakin ƙofarta na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta buɗe ba.

Da yamma Hajiya Bilkisu, wata lauya a Karu da take sayen zoɓo a wurinta, ta bugo waya, ta ji muryarta ba daidai ba. Da ta ji labari sai ta ce, "Maman Saratu, kin sa hannu? Kin tsaya masa?"

"A'a, Hajiya."

"To, aure ba ya mayar da kayanki nasa. Abin da kuka haɗa kuɗi kuka saya ne rabonsa zai iya shiga. Nemo rasit, mu shigar da ƙorafi kafin ranar gwanjo."

Rasit ɗaya muka samu, ɗayan ya ɓace. Kwanaki suna tafiya, ba na iya cin abinci. Uwar adashinsu ta yarda ta zo shaida. Ni ma na tsaya gaban alƙali, na ce ko kwabo ban sa a firizojin nan ba, bashin kuma caca na yi da shi.

Alƙali ya ce a mayar mata da duka biyun. Halleluya!

Babur ɗina dai an sayar don rage bashin, kuma har yau ana cire saura daga albashina. Amma tun ranar ban sake taɓa caca ba. Rahila ta daɗe kafin ta sake yi mini dariya. Katin bankina yanzu yana hannunta, ni da kaina na miƙa mata.

Na gode wa Yesu. Ɗan'uwa, in kana da takardar da kake ɓoye wa iyalinka, fito da ita yau, ka dogara ga Ubangiji. Bai yashe ni ba, ba zai yashe ka ba. Amin!