Takardar Ƙunshin Gyaɗa

A bakin kasuwa, wani mutum mai ƙurar alli a hannun riga ya sayi gyaɗa wurin wata dattijuwa. Ya warware ƙunshin, ya ƙura wa takardar ido.

"Inna, ina kike samo waɗannan takardun?"

"Mai sharar asibiti ke kawo min a buhu. Sun fi jarida ƙwari."

"Wannan fa sakamakon gwajin jinin wata mata ne. Ga sunanta, ga unguwarsu, ga cutar."

"Ni ban iya karatu ba, ɗan nan. Ban tona asirin kowa ba."

"Masu saye sun iya ai. Mace ta faɗa wa likita abin da ta ɓoye wa uwarta, ya ƙare a hannun mai cin gyaɗa."

"To ka je ka faɗa wa masu asibitin. Ni na zubar?"

Ya sassauta murya.

"Wane asibitin ne?"

"Babban, na bayan tasha."

"Akwai na bara a buhun? Masu jan hatimi a sama."

Ta ɗago ta dube shi da kyau.

"Masu jan hatimi na ba 'yata. Ita ke sayarwa a ƙofar sakandare."

"Tun yaushe?"

"Sati biyu ke nan." Idonta ya sauka kan hannun rigarsa. "Malam, yaran sun ce maka wani abu ne?"

"Ba su ce komai ba. Sun dai daina karɓar alli daga hannuna."