Wasan Taubasai Ya Kayar Da Jirgin Ɗana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Idi, mai sayar da nama a Agege, na daɗe rabona da gida.

Ɗana Nasiru yana koyon tuƙin jirgin sama, irin ƙananan nan masu kujera biyu. Da ya zo hutu, taubashinsa Bala, ɗan ƙanwata, ya sa shi gaba a majalisa: "Kai bawana, jirgin da ba ya alkafura ai keke ne mai fiffike!" Nasiru ya ce jirgin koyo irin nasu ba a ƙera shi don juyi ba, in ya kife mai ba ya kaiwa inji. Bala ya ce, "Tsoro dai, oga direba." Aka yi ta dariya.

Da ya koma, aka bar shi shi kaɗai a sama, sai ya gwada. Injin ya mutu, ya faɗo a gonar rogo. Yau yana kwance a ɗakina, ƙafafunsa ba sa motsi.

Ban ga laifin makarantar ba, sun hana. Bala ma wasan da muka gada ya yi, amma in na gan shi zuciyata tafasa take yi. Kullum yana zuwa ƙofa da burodi, uwar Nasiru tana korarsa. Ƙanwata ta daina kirana.

Jiya Nasiru ya ce, "Baba, ku bar shi ya shigo, ba ni da mai tsokanata."

Jama'a, ku ba ni shawara, ni dai hannuna ya kasa buɗe ƙofar nan.